Kazar Ƙarhe da Ƙwan Zabin Goggo Dije

Wallahi ba bam ba ne! Ku hwara cire wanga daga ranku. Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni a kasuwar Buza tambayarshi guda: "Sallau, wai da gaske jandarma ya kama ka da bam?" Wani ma cewa ya yi ya ji har Tawa anka kai ni cikin ankwa. Bakina ya gaji da maimaici. To ga shi na zuba muku sau guda, ku ƴan kulob ɗinmu na masu sauraren rediyo, kowa ya karanta shi miƙa ma na gaba.

Wanda bai san ni ba, ni ne Sallau na Deule, mai gyaran rediyo a gindin bedi ranar kasuwar Buza. Ban yi nisa a lakkwal, makarantar boko, ba. Rediyon babana na hwara buɗewa, ya mutu a hannuna. Na maƙwabcinmu ma ya bi shi. Na ukku ne ya tashi, kuma tun ran nan ban sake ganin ƙarhe a yashe na wuce shi ba. Balle yanzu da kuɗinmu ya hwaɗi, sabon kaya ya hi ƙarhin talaka, kowa ya koma ma tsoho.

Abin da ya tada ni tahiya ƙwai ne. Da bazara ciwon kaji ya shigo Deule ya share kajin gari kakab. Zabi kam ko tari ba su yi ba. Amma kun san zabuwa: zuba ƙwai ta iya, kwanci ne ba ta da haƙurinai, kullum kaza ake sa ma. Goggona Dije, yayar babana, ita ta rene ni, kuma da zabi take rayuwa. Suturarta, goronta, gudummawar biki, duk daga nan. Damina ta sauka, zabi sun hwara zuba, ba kazar da za ta kwanta a duk unguwa. Ƙwai kuwa ba shi jiran mutum. In ya daɗe cikin tukunyar rairayi, sai dai a soya.

Sai na ce to, ni zan yi mata kaza.

Na samu akwatin katako na ganyen shayi, na liƙe cikinai da auduga. Na sa ampul, wato ƙwan hitilar baya ta wata matattar mota kat-san-kat, ita ce mai ba da ɗumi. Cikin wani tsohon ampili, na'urar ƙara sauti, na ciro ɗan abu kamar ƙwarar dawa mai jin zahi, na haɗa shi da taransisto na rediyo. Sannan uban tahiyar, rale. Wanda bai sani ba, rale ɗan akwati ne kamar na ashana, in wuta ta shige shi sai shi ja wani ɗan harshe, ƙas, shi haɗa waya ko shi raba. Nawa daga wani kamyo, babbar mota, da ya mutu a hanyar Keita na ciro shi. Aikin mai sauƙi: ampul na ci, akwati na ɗumi. In zahi ya kai na cikin kaza, ƙwarar dawa ta ji, ta gaya ma rale, rale shi ja, ampul ta mutu. In ya huce ta dawo. Ba mai tsaro, ba mai hura wuta. Ita ke tunanin kanta!

Na gwada ta a gaban jama'a ba sau ɗaya ba. Duk yammacin da batir ya dawo daga caji a Buza, sai in hiddo ta ƙohwar gida, tsohwahhi su kewaye, rale shi yi ƙas, a yi salati.

Goggo ta leƙa ciki, ta sa hannu, ta janye.

"Ɗan nan," ta ce, "rediyon ubanka da ka kashe, magana kawai ya daina. Wanga ƙwai ne."

"Goggo, kin ga dai tana yi."

"Na ga tana yi a gabanka. Sai mai hurhura ya duba ya ce mini ba za ta dahwa mini ƙwai ba. In ba haka ba, in soya abina da hannuna, in san ni na ci."

Mai hurhura wanda ya san rale a ina? Wani direba ya ce mini akwai dattijo guda, Baba Ayuba, a likitar mishan da ke bisa godoro, hanyar kwalta, yamma da Madawa. Shi ke kula da na'urorinsu, har da akwatin da ake sa jariri bakwaini. Na ce ai shi ke nan. Wanda ya iya ɗumama ɗan mutum ya iya na ɗan zabuwa.

Daga Deule zuwa Buza amalanke na hau, ba labari, sai jakin da ya tsaya a kowace gona kamar mai duba shuka. A Buza na shiga bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, mai zuwa Madawa. Direba ya ce a ɗora akwati bisa, na ce sai dai a ɗora mu tare. Na rungume kazata a cinya, batir tsakanin ƙahwahuna. Kusa da ni wani mai albasa ne ɗan Galma, ƙaton mutum, wanda ya yanke ma kanshi cewa rediyo ce.

"Samari, kamo muna labaru mana."

"Baba, ba rediyo ba ce, kaza ce."

Ya dube ni, ya dubi akwati, ya matsa gehe iyakar inda ƙibarshi ta bari. Ya ce ma na bayanshi a hankali, amma kowa ya ji: "Allah sarki, kuma yaro ne mai tsabta."

Hanyar kun san ta, ruwa ya ci gehenta, mota na tahiya kamar raƙumi mai ɗingishi. Abin da ban sani ba, kowane rami ruwan batir na ɗan tsalle shina sauka bisa wandona. Na ji ƙaiƙayi, na ce ko ƙuma ce ta awakin da ke bayanmu.

Kahin Madawa munka iske bariyar. Kun san yanzu da zancen tawaye a arewa, ba a wasa da bincike. Jandarma ya karɓi katin kowa, ya zo kaina, idonai ya sauka bisa wayoyi.

"Kai, mi ne ne wanga?"

"Kaza ce, shef."

Mai albasa ya ce, "Ranka shi daɗe, tun Buza haka shike cewa."

"Sauko da ita. A hankali!"

Na sauko, na aje a tsakiyar hanya. Ni kuwa kun san ni, in anka tambaye ni aikina, ba ni iya taƙaitawa. Na hwara daga ƙwarar dawa. Na ga bai gane ba, sai na ce bari in nuna mishi, na maƙala waya ga batir. Ampul ta kama. Akwatin dama ya sha rana a cinyata, bai ɗau lokaci ba rale ya yi ƙas!

Jama'a, ban taɓa sanin mai ƙiba na iya gudu haka ba. Kahin in ɗaga kai, mai albasa na cikin gonar hatsi, direba na ƙarƙashin mota, wata tsohuwa ta bar takalminta guda. Jandarma kam bai gudu ba, a gaya gaskiya, amma ya tsaya ne kamar an dasa shi. Ni kaɗai na rage ina cewa, "Kun ji? Kun ji ta kashe da kanta?"

Da hankali ya dawo, shef ya sa hannu cikin akwati ya ji ɗumi. Sannan ya ja ni gehe, ya sassauta murya.

"Tana yin na agwagwa? Madam na da agwagi."

Iyakar kamun da anka yi mini ke nan. Wanda ya ƙara da ankwa, shi ya san inda ya samo ta.

A tashar Madawa na ci shinkahwa da wake, na sayi ɗan kilishi don in ce na ci na Madawa. Da na miƙe in biya, mai abinci ta kauda kai tana dariya cikin mayahi. Na duba ƙasa. Wandona daga gwiwa zuwa ƙasa ya zama rariya. Da haka na hau motar yamma, da haka na isa.

Garin duk albasa shike wari, har ruwan sha. Na tambayi gidan Baba Ayuba, anka nuna mini unguwar Kirista a bayan likita. Dogon tsoho ne siriri, da madubin ido ɗaure da zare. Ya dubi wandona kahin huskata.

"Batir ka ɗauko a mota," ya ce. "Shigo, ɗana. Saratu, ga baƙo, ki nemo mishi wando."

Ban taɓa kwana gidan Kirista ba, kuma na ga abubuwa. Miji da mata tebur guda suke ci, kwano na kallon kwano. A Deule in Goggo ta ga haka sai ta ce duniya ta zo ƙarshe. Anka kawo tuwon dawa da miyar da albasa ta hi ruwa yawa, na yi bisimilla na kai loma. Na ɗaga kai, sai na ga kowa ido ruhe, Baba na addu'a. Ga loma a baki, taunawa ba dama, haɗiyewa ba dama. Kuma addu'ar ba gajera ba ce, har ni da wandona muna ciki. Da anka ce amin, Mama Saratu ta ce, "Haɗiye, ɗana, Allah ya riga ya gani." Amma kahin in tambaya ta aje mini buta da tabarma, ta nuna mini gabas. Ɗakin da anka ba ni cike shike da matattun na'urori. Ban taɓa kwana wuri mai daɗin wanga ba.

Da sahe na kai kazar atiliye, ɗakin gyaran Baba a likita. Na ɗauko waya zan maƙala.

"Bari," Baba ya ce.

"Baba, in kunna ka gani. Tana yi, wallahi!"

"Na yarda tana yi. In ka kunna, abin da ta yi yau za ni gani. Goggonka ba shi ta tambaya ba. Mi ta ce kada shi hwaru?"

"Kada ƙwai shi dahu."

"To ka hwaɗa mini da bakin na'ura."

Na yi ta kewaye-kewaye, shina girgiza kai, har na samo: kada akwati shi yi zahi ampul ta ci gaba da ci.

"Madalla. Taho waje."

Ya durƙusa a rairayi kamar mai shirin dara. Ya ce mi da mi ke canjawa a cikin kazar nan? Na ce akwati, ko zahi ko sanyi. Ya tona gurbi biyu. Na ce ampul, ko tana ci ko ta mutu. Ya mayar da su huɗu. Na ce shi ke nan.

"Batir hwa?"

"Batir ai batir ne."

"A Deule wa ke cika shi?"

"Ana kai shi Buza."

"To kahin a kai shi, mi shike?"

Na ce mai rauni. Ya tona wasu huɗu a gehe, sunka zama takwas. Ya ce duk duniyar kazata ke nan, ba ta da inda za ta zauna sai cikin ɗayan gurabun nan. Ya ba ni tsakuwa.

"Wagga ita ce kazarka. Sa ta kowane gurbi, ka gaya mini daga nan ina za ta, kuma wa ya kai ta. Ba ka tsallake ko guda."

Kai, abin ya yi mini daɗi! Batir da ƙarhi, sanyi, ampul mace: rale shi saki, ampul ta kama, tsakuwa ta matsa. Batir da ƙarhi, zahi, ampul na ci: rale shi ja, ta mutu, tsakuwa ta hita. Ina yi ina murna, har wasu masu jinya sunka taru suna tsammanin dara ake, wani na ba ni shawara in ci ta dama. Na ƙetara layin raunin batir. Na sa tsakuwa a gurbin zahi, ampul na ci.

"Rale shi ja," na ce, zan ɗauke ta.

Baba ya dahe hannuna. "Da wane ƙarhi?"

Na saki tsakuwa. Rale sai da wuta mai ƙarhi shike ja. Ampul kuwa ba ruwanta, ko da ragowar wuta ci take, ja-ja, tana ɗumama akwatin da ke ruhe cikin auduga. Ba mai kashe ta. Tsakuwa ta shiga gurbin da ba hita.

Amma ban yarda nan take ba. Na ce, "Baba, ralen ga shekara da shekaru ya yi cikin kamyo, daga nan har Agadas, bai taɓa ƙin ja ba!"

"Gaskiya ne. A kamyo inji na gudu shina ciyar da batir, bai taɓa sanin yunwa ba. Duk ƙarhen da ka ciro daga wani wuri, da sharaɗinai shike tahowa: in ka ba ni wanga, in yi maka wancan. Da kamyo ya yi alkawari, ba da kai ba. Ka ɗauko ɗan ƙwadagon da ya saba a ba shi hura kahin shi kama hauya, ka kai shi gonar da ba hura."

"To don mi ban taɓa gani ba? Na gwada, na gwada!"

"Yaushe kake gwadawa?"

Na tuna. Ranar da batir ya dawo daga Buza, cike, don kada in ji kunya gaban tsohwahhi. Kullum ran nan. Ashe gurbi huɗu nike ta zagayawa ina tara jama'a.

Duk da haka sai da na roƙa munka gwada da wani gajiyayyen batir nashi. Munka sa ma'aunin zahi ciki munka ruhe. Ya hau, ya wuce na cikin kaza, ya ci gaba da hawa. Rale ko tari. Mama Saratu ta leƙo ta ce in ba ni so, ita tana so, tuwon Baba ba shi ƙara hucewa.

Gyaran kuwa, in na gaya muku sai ku yi dariya. Juya aikin kawai munka yi. Da, sai rale ya yi ƙarhi shi kashe ampul. Yanzu sai ya yi ƙarhi shi riƙe ta tana ci. In yunwa ta kama shi, hannunai shi saki, ampul ta mutu. Ƙwai shi ɗan huce, ai kaza ma na tashi ta je kiwo. Na canja wayar rale, na juya haɗin taransisto, na tashi zan ɗaure kaya.

"Ina za ka? Koma gurbin hwarko."

"Baba, guda ne ya lalace!"

"Wancan kazar da ce. Wagga sabuwa ce, ban san ta ba."

Haka na sake bin takwas ɗin nan da tsakuwa, rana na dukan ƙeyata. Ko wane gurbi na zahi, da ƙarhi ko ba ƙarhi, ampul mutuwa take. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ka gaya ma goggonka, in dai ƙarahunan ba su lalace ba, ba za ta dahwa ba. Wanga na tsaya a kai. Amma ban ce za ta ƙyanƙyashe ba. Kada ka ƙara mini ko kalma."

Duk hanyar dawowa ina ta saƙa yadda zan gyara saƙon ga, don rabin na biyu bai yi mini daɗi ba. Batir kam na naɗe shi cikin buhu, wandon Baba ya iso lahiya. Da na zo gaban Goggo sai na kasa, na hwaɗa mata yadda anka ce.

Ta tauna goro. "Shi ya ce bai yi alkawarin ƙyanƙyasa ba?"

"Shi ya ce."

"To wanga ya san ƙwai. Da ya ce tabbas, da na kunna wuta na ɗora kasko. Ɗauko tukunyar."

Munka jera su, muna juyawa sahe da marece, ɗan kwanon ruwa a gehe. Batir biyu na samu, ɗaya na aiki, ɗaya na Buza. Komi lahiya har kwanaki sunka yi nisa. Sai anka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙorama ta cika ta yanke hanya, batir na can ƙetare, na gida ya gaji. Rale ya saki, ampul ta mutu, daidai yadda tsakuwa ta ce. Ni har murna na yi. Na ce, "Goggo, kin ga! Ba ta dahwa ba!"

"Ba ta dahwa ba, uwaka. Sanyi za shi kashe su. Kauce."

Ta kwashe ƙwan cikin auduga, ta naɗe a tsohon zane, ta ɗaura a cikinta, ta ɗora bargo, ta zauna a kan gado ba motsi. Yini guda da kwana, har ruwa ya janye. Ta ce in na gaya ma kowa sai ta tsine mini. Ban gaya ma kowa ba. Amma mata sun shigo ɗaukar wuta sun iske ta zaune da ƙaton ciki tana harararsu, kahin azahar har masu kiwo sun ji.

Sun hito, jama'a! Ba duka ba, wasu sun yi ɗungu, amma mahi yawa sun hasa, ƴan mitsi-mitsi masu zane a baya, suna ta cii-cii. Na tsaya bakin akwati ina jiran a ce Sallau ya yi abin kirki. Maƙwabta sunka taru, Goggo ta zuba ma ƴan zabin tsaki, ta gyara ɗaurin zane.

"Akwatin ya taimaka," ta ce musu. "Amma ni na kwanta."

To ku hwa? Na san cikinku akwai wanda ya taɓa ciro abu daga mota ko rediyo ya sa a wani wuri, ya yi mishi biyayya ko ya ci amanarshi. Ku ba ni labari, ku aiko ta hannun direbobin Buza ko ku same ni gindin bedi. Wanda kuma ya san dabarar da batir zai kai wata bai gaji ba, don Allah shi hanzarta, don zabi sun sake zubawa, kuma Goggo ta rantse ba ta ƙara kwanci.